Sada na son rufe gidan kallo: yadda muhawara ta kaya a Zauren Ƙofar Ƙaura, wani dandalin hira ta waya na 'yan Katsina, a Agustan 2025

Sada Mai Gidan Kallo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah Idi ka bari in kai aya kafin ka fara shaƙiyancinka. Ranar Juma'a 15 ga Agustan nan Firimiya za ta dawo, ni kuma har yanzu ban biya kuɗin dikoda ba. Shekara 14 ina kunna ƙwallo a rumfar nan, tun ina da talabijin ɗaya mai ƙeya da benci huɗu. Bana ne na zauna da biro da takarda, na juya lissafi ta ko'ina ya ƙi fita. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba. A ƙarshen 2024 ta haura dubu. Yanzu ta ɗan sauko, amma ina aka fito ina ake? Kuɗin shiga kuwa daga 100 na maida shi 200, har yau akwai masu yi mini kallon wanda ya ci amanar unguwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren 13 ga Yuli. Na sayi mai tun da safe saboda wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya, Chelsea da PSG. Da yamma sai ga labarin rasuwar Baba Buhari a Landan, Allah ya jiƙansa. Na rasa yadda zan yi, in buɗe ko in bari. Daga ƙarshe na buɗe, amma ban haɗa lasifika ba. Mutum 11 suka shigo. Na ce a raina ai jimami ne ya hana mutane fitowa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Chelsea ta riga ta zuba uku, sai na leƙa waje in sayo ruwa. Me zan gani? Barandar shagon tela cike da yaran da na sani, na san iyayensu, mutum huɗu-huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wasan da nake ƙona mai a kansa. Ashe kyauta ake nuna gasar a intanet. Ɗaya har yana gaishe ni, wai "Kawu ya kasuwa?"

To ku gaya mini gaskiya, in rufe in zuba kayan masarufi a wurin, ko in ƙara jarrabawa?

Malam Mannir: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. A ba Sada shawara, a bar zagin jam'iyya. Na faɗa tun yanzu.

Idi Bahaɗeje: Na bari ka kai aya. Rufe kawai. Katsinawa da kallon ƙwallo, ai dama asarar benci ne. Rabinku 'yan Arsenal ne, shekara uku a jere kuna ta biyu, kun maida shi kamar sarautar gado.

Bishir Gunners: Ji wanda ƙungiyarsa, Manchester United, ta ƙare ta 15. Idi, da a ajin makaranta ne, da tuni an kira babanka.

Abba Sola: Yaya Sada kada ka rufe. Matsalarka ba yara ba ce, inji ne. Talabijin ɗin zamani ba su da cin wuta, biyu da dikoda da fanka huɗu ba wani kaya ne mai nauyi ba. Wasannin Asabar da Lahadi da yawa da rana ake yin su, faifan sola kaɗai zai riƙe ka. Inda ake jin jiki shi ne Kofin Zakarun Turai, ƙarfe 8 ko 9 na dare, nan dole sai batir. In ka samu na litiyam ɗaya da inbata madaidaiciya, ka yi sallama da gidan mai. Kuma da rana wutar ba za ta zauna a banza ba, sai ka sa allon cajin waya. Ka tuna watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi sama da mako a duhu? Duk mai sola a garin nan sai da ya zama ɗan gata. Akwai wanda na haɗa wa a Sabuwar Unguwa, har layi ake yi a ƙofar gidansa da wayoyi a leda.

Sada Mai Gidan Kallo: Abba ai ban ƙi ta taka ba. Kuɗin batirin fa? In ina da su a dunƙule, da ban zo zaure ina kuka ba.

Baba Lawal Tsohon Hedimasta: Salamu alaikum. Ni ban san Chelsea ba, ban san PSG ba, amma na san Sada tun shina aji uku. Abin da Abba ya faɗa gaskiya ne, sai dai ku duba abin da muka koma. Kowa ya zama gwamnatin kansa. Ka haƙa rijiyar burtsatse, ka sa sola, ka biya 'yan sintiri, ka kai ɗiyanka makarantar kuɗi. To mi ya rage wa wanda muka zaɓa? Ku bi ta Lambar Rimi ku ga fankokin iskar nan 37 a tsaye. Megawat 10 aka ce za su ba da. Tun marigayi Malam Umaru 'Yar'aduwa shina gwamna aka faro maganar. A 2012 har injiniyan Faransa mai aikin aka sace a garin Rimi, aiki ya tsaya. Yaron da aka haifa lokacin da aka fara zancen yau ya isa aure. Da an riƙe abin nan da gaske tun farko, da Sada bai san farashin lita ba.

Nura Ɗan Daura: Baba barka da dare, Allah ya ƙara lafiya. Da girmamawa, ba komai ne ya lalace ba. Tallafin man nan da ake kuka a kai, mu da ke kusa da iyaka mun san inda yake tafiya. Ta Kwangwalam da Jibiya ake sulalewa da shi, muna biya wasu na sha. Duk manyan 'yan takarar 2023 sai da suka ce za su cire shi. Yanzu kason da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai, an kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, ga bashin karatu na NELFUND, ni da kaina na san waɗanda aka biya wa kuɗin makaranta. Ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, ga Jami'ar Sufuri a garinmu. Gyara ba ya zuwa ba zafi.

Baba Lawal Tsohon Hedimasta: Nura ɗana, kason jihohi ya ƙaru, na ji. Kason tukunyar gidanku fa? Je ka tambayi mahaifiyarka nawa take auno gero. Zafin gyara na yarda da shi in wanzami ma shina ji a jikinsa. Amma a ce kullum kanmu ake aske wa, su suna riƙe da madubi?

Bishir Gunners: Baba ya gama magana wallahi.

Nura Ɗan Daura: To su 'yan adawar da suka taru a jam'iyyar ADC a watan jiya, ba su ne dai na jiya ba? Wanne ne a cikinsu bai taɓa riƙe aska ba?

Malam Mannir: Nura, Bishir, an fara ke nan. Maganar rumfar Sada ake.

Anti Murja: Ni dai tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Yaya Sada ka yi haƙuri, ina tausaya maka, amma bari in faɗi abin da ba wanda zai faɗa a cikinku. Kuna ta kuka waya ta kashe gidan kallo. Shekara 14 ɗin nan mace nawa ta taɓa zama a bencinka? Ko ɗaya. Kuma ba laifinka ba ne, haka garin yake, ni ma ba zan bar 'yata ta je ba. Wayar nan da kuke tsine wa ita ce ta fara ba mu kujera. Ranar 26 ga Yuli ni da 'yan matana uku muka kalli Super Falcons a wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata a tsakar gida, waya jingine da kwanon sha. Maroko ta ci mu biyu tun kafin hutu, a gidansu, a Rabat, filin cike da mutanensu. Autata har ta tashi za ta kwanta. Yaran nan suka dawo suka farke, suka ƙara ta uku ana dab da tashi. Kofi na 10 ke nan. Ihun da muka yi sai da maigidan ya fito da tocila yana tambaya ko ɓarawo ne. Ku faɗa mini tsakani da Allah, gidan kallo nawa ne a Katsina ya kunna wasan?

Sada Mai Gidan Kallo: Anti ban kunna ba, ba zan yi ƙarya ba. Ba wanda ya tambaya.

Anti Murja: Ka gani. Su Super Eagles da kuke cika rumfa dominsu, a Fabrairun 2024 suna gaba da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka, Kwaddibuwa ta zo ta ci su biyu. Kofin duniya na 2022 ma Ghana ta hana su zuwa, a Abuja kuma.

Baba Lawal Tsohon Hedimasta: Hajiya, 'yan matan sun yi ƙoƙari, ban hana ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kyautar. Dala 100,000 kowace, da gida, da lambar girma. Na yi shekara 35 da alli a hannu. In aka haɗa duk albashin da na karɓa tun daga ranar da na fara har na aje, ban jin ya kama ƙafar wannan. Sojan da ke kwana a dajin Rugu fa, mi aka ba shi?

Anti Murja: Baba wannan gaskiya ne, amma ba 'yan matan suka hana a biya malamai ba. Da maza ne suka ciyo kofin aka ba su haka, da ba mu ji wannan lissafin a bakin mutane da yawa ba. Ban ce kai ba, Baba.

Kabir POS: Ku bar ni in sa baki, don ni a tsakiyar abin nake zaune. Anti, waya ta ba ku kujera, haka ne. Amma ni na san wayar nan aro ce. A Satumbar 2021 ina Batsari aka datse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Rana ɗaya muka tashi waya ta zama tocila. Na'urata ta zama dutse. Matar yayana ta haihu, sai da na shiga mota na zo har Katsina kafin na iya sanar da shi a Legas. Wata da watanni muna haka, kuma harin bai tsaya ba, sai ma ya zama in an shigo gari ba ka da hanyar kiran kowa. Abin da ya sa na tattaro na dawo birni ke nan. A shekarar ce kuma aka rufe Twitter wata bakwai. A farkon 2023 canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, kana da kuɗi a banki kana kwana da yunwa, tiransfa ta maƙale kwana uku. Bana a Janairu hukumar sadarwa NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk wanda ya ce waya ta 'yantar da shi, bai ga ranar da aka kashe ta daga sama ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi damuna. Caca. Ranar Asabar tun ƙarfe 11 yara ke zuwa, "Yaya sa mini 500", "sa mini dubu". Na san inda kuɗin ke tafiya. Wani ɗan gyaran babur ne, wani kuɗin cefanen gidansu ne. Na daina yi wa waɗanda na gane, sai su tsallaka wurin na gaba. Yaron da ke kallon ƙwallo a waya, rabin allon wasa ne, rabi tikiti. Ba ya ma goyon bayan kowa, kwana yake ƙirgawa da katin gargaɗi.

Anti Murja: To ai a gidan kallon suka koya, Kabir.

Sada Mai Gidan Kallo: A'a Anti, nan kam ban yarda ba. Ban ce ba a yi a wasu wurare ba, amma a rumfata duk wanda na gani da tikiti waje zai yi, kuma Malam Mannir shaida ne, ya taɓa zuwa biko a kan wani ɗan ƙanensa. A rumfa yaro yana zaune kusa da sa'an babansa. In ya yi ashar a make masa ƙeya. In aka kira Magariba ina kashe talabijin ko fenariti za a buga, an sha zagina a kan haka. A ɗaki da waya wa zai make shi? Kuma wani abu da ba ku lura ba: a bencin nan ɗan APC da ɗan PDP da ɗan Kwankwasiyya suna cinya da cinya. A zaɓen 2023 akwai mutum biyu da suka daina gaisawa a masallaci, amma ranar da Madrid ke wasa sai ka gan su sun rungume juna. A nan zauren fa? Mutum nawa Malam Mannir ya cire tun bara?

Malam Mannir: Bakwai. Biyu sun dawo da sabuwar lamba suna zaton ban gane su ba.

Idi Bahaɗeje: Ni abin da ke ba ni dariya da 'yan kallon waya, a rumfa mu yi ihun ci, mu zauna, har a maimaita, sai can ka ji nasu ihun daga barandar tela kamar amsa-kuwwa. Ranar nan na leƙa na ce musu "za a ci yanzu", suka ce baƙin baki gare ni.

Abba Sola: Wannan jinkirin na ɗan lokaci ne Idi. Sabis na ƙara ƙarfi. An kawo 5G tun 2022, Starlink ta shigo a 2023. Nan gaba dish ɗin ma ta intanet zai koma. Shi ya sa nake ce wa Yaya Sada ya daina ganin hoto yake sayarwa. Hoto kowa na da shi a aljihu. Inuwa da fanka da babban allo da abokin musu, su ne ba su cikin waya.

Nura Ɗan Daura: Abba ya kawo magana. Haka ma zaɓe zai koma, na'ura za ta rage maguɗi. BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta hana a yi ta dangwala wa matattu.

Kabir POS: BVAS ta yi aiki a tantancewa, na yarda. Amma a daren zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon 'yan majalisa na hawa IReV, shafin intanet na nuna sakamako, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Aka je har Kotun Ƙoli, a Oktoba ta tabbatar da zaɓen. Ni ban ce an yi kaza ko kaza ba. Na dai ce mai na'ura ya fi na'ura.

Idi Bahaɗeje: Kamar VAR ke nan, bidiyon da rafali ke dubawa. A kira rafali ya je ya leƙa, duniya duk ta ga hannu, ya dawo ya ce a ci gaba da wasa.

Bishir Gunners: Ku da VAR ta raina ku ai ba ku da bakin magana.

Baba Lawal Tsohon Hedimasta: Ni tambaya ɗaya gare ni kafin in kwanta. Duk wannan rigima a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen ne. Ga filin Muhammadu Dikko nan a Karkanda, ga Katsina United. Cikinku wa zai iya kawo mini sunan 'yan wasanta biyar? Muna yara in ana wasan makarantu garin nan kaf ke fita. Yanzu yaro ya san sunan matar ɗan wasan Liverpool, bai san mai tsaron gidan garinsu ba.

Bishir Gunners: Baba ina zuwa filin lokaci-lokaci. Matsalar gasar gida ita ce kusan kowa a gidansa yake cin wasa, in ka fita waje sai addu'a. Ga rikicin magoya baya, kowa ya tuna abin da ya faru a Kano a 2022 tsakaninmu da Kano Pillars. A shekarar mu da su duka muka faɗi daga gasar, muka dawo tare a 2023. Mai iyali zai ɗauki ɗansa ya kai inda ake jifa?

Kabir POS: Kuma ku duba wanda ya ci gasar Najeriya ta bana. Remo Stars, daga Ikenne, wani ƙaramin gari a Ogun, ƙungiyar mutum ɗaya ce ba ta gwamnati ba, da filinta da makarantar horar da yara. Namu na Arewa kusan duk na gwamnatocin jiha ne. In gwamna na son ƙwallo a ci, in ba ya so a sha wuya. Yanzu dai Kano sun ba Ahmed Musa ragamar Pillars, mu ga ko wanda ya buga abin da ƙafarsa zai bambanta.

Nura Ɗan Daura: Mai kuɗin Katsina nawa ne zai zuba dukiyarsa a ƙwallo? In gwamnati ta saki, mutuwa za ta yi.

Anti Murja: Suna zubawa a fastocin siyasa ai.

Malam Mannir: Dare ya yi. Sada, ka ji ta kowa. Me ka yanke?

Sada Mai Gidan Kallo: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Allah ya ƙara girma. Ga abin da zan yi. Zan biya dikoda na wata ɗaya kawai, in ga kamun ludayin bana. Talabijin ɗaya zan riƙa kunnawa sai ranar babban wasa. Abba, gobe bayan Azahar ka zo ka duba rufin, in kwanon zai ɗauki faifan, sai mu yi maganar biya kaɗan-kaɗan, in ka yarda da ni. Zan sayar da ƙaramin injin in ba ka kafin alƙalami. Allon caji kuma zan sa, ko yaran barandar tela sa zo su yi cajin wayar da suke guduna da ita. In Katsina United na wasan waje kuma aka samu inda ake nunawa, zan kunna kyauta saboda Baba.

Abba Sola: An gama Yaya. Zan zo da tsani.

Anti Murja: In Falcons na wasa fa?

Sada Mai Gidan Kallo: Zan kunna Anti, ko ni kaɗai ne da benci.

Idi Bahaɗeje: To a ajiye mini wurina na gaba kusa da fanka. Ranar Lahadi 17 ga wata Manchester United da Arsenal a Old Trafford. Bishir ka zo da hankici.

Sada Mai Gidan Kallo: Wurinka na nan Idi. Amma ka taho da 600 ɗina. Ranar 21 ga Mayu da Tottenham ta ci ku a wasan ƙarshe na Europa, kai da abokanka biyu ta bayan rumfa kuka fice, kun zaci ban gan ku ba. Takalminka ƙafa ɗaya ma yana nan na ajiye maka.